Shekarar da Na Hana Babanku Barci

Da sunan Allah nake farawa, wanda gajiya ba ta kama Shi. Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka ba sai kun amsa mini ba, ku dai ku zauna ku ji. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Binta ce take riƙe da biro, na kuma sa ta yi mini alkawari cewa abin da na faɗa shi za ta rubuta. A baya na ba ku labarin yadda mahaifina ya taso daga Barno ya sauka a Fagge, da yadda aka yi aurena. Yanzu mun zo shekarar da na daɗe ina kewaye ta. Kun tashi kuna jin ana cewa babanku mashayi ne, wai giyar Sabon Gari ce ta kayar da shi daga kan dalar gyaɗa. Kun ji a bakin dangi, kun ji a bakin 'yan unguwa, har an taɓa fasa neman auren ɗayarku saboda maganar nan. Ni kuwa ina zaune, ban ce e ba, ban ce a'a ba. To yau zan ce a'a. Babanku bai taɓa kai giya bakinsa ba. Barci yake ji, ni kuma na hana shi.

Sunansa Haladu. Ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba sai yau, na kira ne don ya shiga takarda. A tasha Giwa suke ce masa. Lebura ne a filin dalar gyaɗa, can wajen layin dogo, zamanin Turawa suna nan. Ku da kuka tashi babu dala ba za ku gane ba. Buhu ake ɗorawa kan buhu, kan buhu, kan buhu, har mutumin da yake ƙololuwa ya koma kamar hankaka a idon na ƙasa. Babu inji, wuyan mutane ne injin. Mutum biyu su ɗaga buhu su aza maka a ka, ka taka buhunan da aka jera kamar matakala, ka hau, ka sauke, ka sauko. In taragu suka zo kuma sai a fara rushe dalar daga sama, a sauko da ita buhu-buhu. Kowane lebura yana da lamba ta ƙarfe da yake ratayawa a wuya. Helma, wato shugaban lebura, shi yake bayarwa, shi yake karɓewa. Mai lamba yana da aiki gobe. Marar lamba sai ya tsaya bakin waya tare da 'yan cirani yana leƙe.

Da asuba yake fita. In rana ta take, jiniyar tasha ta yi kuka, sai a tashi hutu. Sauran leburori su shimfiɗa tsofaffin buhuna a gindin dala su kwanta a nan, amma shi sai ya tako har gida, don ba mu da nisa, ya ce barcin da aka yi cikin warin gyaɗa ba ya fitar da gajiya. Ya sha fura, ya kwanta a tabarma ƙarƙashin rumfar zana, ya ɗora gammonsa a fuska. Kafin in ɗauke ƙwarya ya tafi. A gidan nan in babanku yana ƙailula ko kaza sai ta rage murya. Ba na daka, ba na shara, yara in kora su maƙwabta. Yakan ce mini:

"Fanna, barcin nan na rana shi yake mayar mini da wuyana. In aka hana ni shi, gobe sai dai ki ɗauko ni a amalanke."

Ina dariya in ya faɗa. Allah Ya yafe mini, dariya nake yi.

Aikina ne in tashe shi. Agogo ba mu da shi, inuwar katanga ce agogona. In ta taɓa gindin turmi lokaci ya yi, ya tashi, ya yi alwala, ya yi azahar, ya isa tasha kafin jiniya ta biyu. Kuma tashin mai barci yana da ƙa'ida, mahaifiyata ce ta koya mini tun ina ƙarama. Ba a kiransa da ƙarfi, ba a girgiza shi, ba a zuba masa ruwa, don kurwarsa ta tafi yawo, in aka firgita shi sai ta dawo a gurguje ta shiga ba daidai ba. Babban yatsan ƙafa ake kamawa, a matsa a hankali, sau uku. Shekara bakwai ina kama yatsan nan, bai taɓa bari na kai na uku ba. Ina matsawa sau ɗaya sai ya janye gammo ya buɗe ido guda.

"'Yar Barebari, kin cinye mini rabin mafarki."

"Ka ƙarasa shi gobe, Malam, inuwa ba ta jira."

Mu huɗu ne manya da labarin nan ya shafa. Ni, da shi, da Yaya Kande, yayarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Mace ce mai tsafta, mai sallah, amma bakinta wuƙa ne, kuma ba ta yarda a ce wani na gidansu yana da aibu. Sai ta huɗun, Saratu. Ita Kirista ce, mutuniyar kudancin Zazzau, mijinta yana aiki a layin dogo, suna zaune a Sabon Gari. Ƙosai take soyawa a bakin kasuwa. Ni kuma sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, to a wurina take sayen mai. Duk bayan kwana biyu sai ta yi sallama da kwando a ka, cike da kwalabe. A lokacin nan duk mai sayar da mai a kwalba yake aunawa, kwalaben kuwa yawancinsu na giya ne da aka shanye, ake tsintowa a Sabon Gari, a wanke da toka da ruwan zafi. Kowa ya san haka, ba abin magana ba ne. Ta bar mini wasu in cika, ta tafi da wasu. Ku riƙe maganar kwalaben nan, za mu dawo kanta.

Ana nan ana nan, damina biyu a jere babanku ya tafi noma wurin kawunsa a kudancin Zazzau, saboda aikin dala yakan ja baya in ruwa ya sauka. Gonar a bakin rafi take, cikin kurmi. Ya dawo da dawa da doya, ya dawo yana mitar cizon tsando, wannan ƙudan mai zafin baki. Muka yi masa sannu, muka manta. Da kaka ta wuce sai zazzaɓi ya fara zuwa yana tafiya, ciwon kai ya fara zuwa yana tafiya. Yaya Kande ta ce shawara ce, ta dafa sassaƙe. Aka karɓo rubutu ya sha. Ya ji sauƙi, ya koma aiki. Sai da bazara ta shigo, zafi ya kai inda ya kai, sannan na lura yatsan nan ya daina jin hannuna. In matsa sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. Sau uku, sai ya yi gurnani ya juya. Na fara kaiwa biyar, na fara kaiwa goma. Da dare kuma idonsa biyu, sai da rana barcin yake danne shi kamar an kifa masa turmi. Mutumin da ba ya faɗa ya fara faɗa a kan abin da bai kai ba, ya gama kuma ya zauna yana dariya shi kaɗai. Hannunsa ya fara rawa. In yana tafiya sai ka ga ƙafa ɗaya tana neman hanyarta dabam. Magana tana sarƙe masa a baki.

Ni a lokacin ina da cikin wata shida, cikin Auta, ga yara biyu a ƙasa. Abin da nake gani a gabana ba ciwo ba ne, lamba nake gani. Sai na shiga dabara. Na fara tashinsa tun inuwa ba ta kai turmi ba. Na fara cusa masa goro a baki, in haɗa da citta. Na fara turara barkono a garwashi kusa da tabarmarsa don ya yi tari ya farka. Kullum ina rage masa ƙailular nan kaɗan-kaɗan, ina cewa a raina barci ne ya yi masa yawa, in aka rage zai saba. Yaya Kande tana taya ni.

"Tashi, Haladu. A tsatsonmu babu rago. Ubanmu ya mutu da fartanya a hannu, kai kana nema ka mutu da tabarma a baya."

Wata Talata Saratu ta zo ɗaukar mai ta tarar da shi zaune a rumfa, ƙwaryar fura a cinya, ludayi a hannu ya kai rabin hanya zuwa baki, idonsa a rufe, yana minshari. Ta sauke kwandonta a hankali. Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja ni bayan ɗaki.

"Maman Binta, tun yaushe yake haka?"

Na ce gajiya ce, aiki ya yi yawa.

"Ni ba zan taɓa mijinki ba. Ke ki je ki shafa bayan wuyansa, nan ƙasan ƙeya, ki zo ki gaya mini abin da kika ji."

Na je na shafa. Kaluluwa ce, guda uku, a jere, kamar an binne gyaɗa a ƙarƙashin fata. Na dawo na gaya mata. Sai ta zauna a kan turmi ta dafe kai.

"A garinmu ko yaro ya san wannan. Ciwon barci ne, tsando ne yake kawo shi. Ƙanen babana haka ya yi, da tuwo a hannu yake barci. Amma yanzu akwai allura, na ga waɗanda aka yi wa sun tashi sun koma gona. Sai dai ba a jinkiri. Akwai ɗan garinmu da yake aiki a asibiti, zan yi masa magana. Jibi Alhamis da la'asar zan zo da mai amalanke mu kai shi. Kafin nan, don girman Allah, kada ki bar shi ya hau dalar nan. In ya kwanta ki bar shi ya yi barcinsa."

Yaya Kande ashe tana ɗaki tana ji. Saratu tana fita sai ga Yaya Kande ta fito.

"Asibiti? Waɗanda suke soka wa mutum allura a ƙashin baya su zuƙe masa ruwan jiki? Wa kika taɓa gani an kai a amalanke ya dawo da ƙafarsa? Kuma in helma ya ji an ce ciwon barci, kina tsammanin zai bar masa lamba? Ke 'yar Barebari, ki yi wa kanki faɗa. Mai ƙosai ce za ta ciyar da ke da abin da ke cikinki?"

Ba zan ɗora wa Yaya Kande ba, ta riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ta sani ta faɗa. Ni ce na shafa wuyan nan da hannuna. Ni ce na ji gyaɗar nan guda uku. Na yarda da Saratu, har cikin raina na yarda. Amma washegari Laraba da yamma helma ya zo da kansa, ya tsaya a zaure ya yi sallama. Tanko sunansa, ba mugun mutum ba ne, sun taso tare da babanku. Babanku yana kwance, ni na je bayan ƙyaure na gaishe shi.

"Uwargida, magana zan gaya miki, don shi in na faɗa masa sai ya yi ta kallona yana murmushi. Sau huɗu ke nan yana makara bayan jiniya, ina rufa masa asiri. Gobe taragu za su shigo da rana, Bature zai tsaya da kansa a ƙirga lamba. Duk wanda ba a gani ba, ba ni da yadda zan yi. Ki taimake ni in taimake shi. Gobe kaɗai. In ya wuce gobe, ko kwana uku yake so ya kwanta, zan san abin da zan ce."

Gobe kaɗai. Kalmar nan ita ta ci ni. Na ce a raina, ai ba su ci karo ba. Ya je da azahar a ga fuskarsa, a ƙirga lambarsa, ya ɗan yi abin da zai yi, da la'asar ya dawo Saratu ta kai shi asibiti. Ga lamba, ga magani. Na ga kamar na fi kowa wayo a Fagge.

Ranar Alhamis ya fita da asuba kamar kullum, ya dawo da jiniyar farko yana jan ƙafa. Furar ma bai sha ba. Ya zube a tabarma, gammon ma bai ɗora a fuska ba, yana hannunsa. Rana ce irin wadda ko ƙadangare ba ya fitowa. Na zauna a bakin rumfa ina kallon inuwar katanga tana rarrafowa, tana rarrafowa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta kwanta irin ta ranar ba. Duk wata tamoji ta goshinsa ta baje, ya koma kamar saurayin da aka kawo ni gidansa. Wani abu a cikina ya ce, Fanna, ki bar shi. Na ji shi sarai kamar yadda kuke jin muryata yanzu. Inuwa ta taɓa turmi.

Na kama yatsa na matsa. Na matsa har hannuna ya gaji. Na girgiza kafaɗarsa, abin da ban taɓa yi ba. Na kira shi da ƙarfi, Malam, Malam. Na kawo garwashi da barkono, ni na yi tari, Yaya Kande ta yi tari, shi ko motsi. Inuwa ta haye turmi ta fara sauka ta ɗaya gefen. Sai na tashi na je randa, na cika moɗa da ruwan sanyi. Na tsaya a kansa. Na tuna mahaifiyata, na tuna abin da ta ce game da kurwa. Na sheƙa masa a fuska.

Ya zabura ya zauna yana haki, yana dube-dube kamar bai san gidan ba. Ya kalle ni, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi faɗa. Cewa ya yi, a hankali, da harshen nan nasa da ya yi nauyi:

"Fanna, ki bar ni kaɗan. Kaɗan kawai."

"In ka dawo ka yi, Malam. In ka dawo babu mai tashinka."

Na ɗaga shi, na zuba masa ruwan alwala, ya yi sallah a zaune yana gyangyaɗi a tahiya. Na ɓare goro na sa masa a baki. Na gyara masa lambar a wuya, na damƙa masa gammo, na riƙe hannunsa har zaure. A bakin ƙofa ya jingina da bango ya rufe ido, na taɓa shi, ya buɗe, ya fita cikin rana. Na leƙa ta jikin ƙyaure ina kallon bayansa, yana tafe yana karkata, har ya sha kwana. Da na ji jiniya ta biyu na ce alhamdulillahi, ya isa. Godiya na yi.

Da la'asar amalanke biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu. Ta farko Saratu ce ta zo da ita, ta shimfiɗa tabarma da zanenta a ciki don kada katako ya ji masa ciwo. Tana tsakar gida tana tambayata ina yake, ni kuma ina cewa yanzu zai shigo, sai muka ji salati a waje. Ta biyun leburori ne suka turo ta, Tanko yana gaba, hularsa a hannu. Sun ce an ƙirga lamba, an gan shi. Sun ce ya hau sau biyu ya sauko lafiya. A na uku ya kai can sama, aka aza masa buhu, ya juyo zai sauko, sai ya tsaya cik. Na bayansa ya yi masa magana bai amsa ba. Wanda yake kusa da shi ya rantse idonsa a rufe yake. Daga nan gwiwarsa ta lanƙwashe. Ko ihu bai yi ba. Saratu ta dube ni sau ɗaya. Ta ɗauko zanen da ta shimfiɗa a amalankenta ta miƙa wa maza suka rufe shi.

Yanzu ga maganar kwalabe. A zaman makoki, rana ta biyu, mata sun cika tsakar gida, sai wata ta ce mijinta ya ce dama kwanan nan Giwa yana tangaɗi a hanya, magana tana sarƙe masa, yana dariya shi kaɗai. Wata ta ce ita ma ta ji. Wata da ta zaga bayan ɗaki ta dawo ta ce, to kwandon kwalaben can fa, ai na giya ne, ga tambarin a jiki. Duk matan nan sun san na mai ne, rabinsu a wurina suke saye. Amma magana in ta samu inda za ta zauna, sai ta zauna. Wata tsohuwa ta juyo gare ni.

"Fanna, ke ce matarsa, ke kika san cikinsa. Matar nan ta Sabon Gari mai zarya da kwando, me take kawo masa?"

Na ɗaga kai na ga Yaya Kande tana kallona, ni ma ina kallonta. A wurin nan mu biyu muka san gaskiya. In na ce ciwo ne, za a ce tun yaushe kika sani. In na ce tun Talata, za a ce wa ya tashe shi ranar Alhamis. Na sunkuyar da kai na ja mayafi na rufe fuska. Suka ce Allah sarki, kunya ce ta hana ta magana, ta rufa wa mijinta asiri. Har yabona suka yi. Kafin sadakar uku magana ta gama Fagge. Ranar ukun Saratu ta zo gaisuwa, na ji muryarta a zaure, na ji Yaya Kande tana ce mata ta koma da kwalabenta, an gode, abin da ta yi ya isa. Na ji Saratu tana cewa:

"Yaya, a kira mini Maman Binta, ita ta sani."

Ina ɗaki, tsakanina da zaure bai fi taku goma ba. Ban fito ba.

Takabata ta ƙare ranar da na haifi Auta. Da na yi arba'in na goya shi na kama hanyar Sabon Gari, ni da ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Na shirya maganata tun daga gida. Zan durƙusa in ce ta yafe mini, in kamo hannunta mu dawo Fagge, in tara matan nan in faɗi abin da ya faru. Na yi ta tambaya har aka nuna mini rumfarta a bakin kasuwa. Rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, masu kaya duk sun kishingiɗa. Na same ta kwance a kan benci kusa da kaskonta, wuta ta mutu, ta rufe fuska da gefen ɗankwali, tana barci. Ta rame. Ƙafarta tana waje, babban yatsanta yana daidai hannuna. Na miƙa hannu. Wallahi na miƙa. Sai hannun ya ƙi. Na tsaya a kanta ina jin numfashinta yana shiga yana fita, na kasa taɓa ta, na kasa kiran sunanta. Na ce bari in jira ta farka da kanta. Na jira, na jira, Auta ya fara motsi a bayana zai yi kuka, na ji tsoro kada ya tashe ta, na ja da baya, na ja da baya, sai ga ni a hanyar gida. Na ce gobe zan dawo. Da na koma bayan sati biyu aka ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki, sun bi jirgi sun yi kudu. Ban sake ganinta ba. Ban san ko tana raye ba, ban san sunan garinsu ba. Ta tafi da sunan mai kawo wa mijin mutane giya, ni na ɗora mata.

Daga nan kuma sai shirun ya yi tsawo har ya fi ƙarfina. Shekara ɗaya ta wuce, na ce ai yanzu an makara. Kuka girma, aka yi ta yi muku gori a makarantar allo da bakin famfo, kuna dawowa kuna kuka, ina share muku hawaye ina cewa ku bar su da Allah. Yayanku ya rasu da ƙullin babansa a zuciya, ko kabarinsa bai taɓa tambaya ba. Yaya Kande a hannuna ta cika, ta riƙe yatsuna tana so ta yi magana, ni na ce ta yi shahada kawai. Na je Makka, na roƙi gafara a inda ake roƙa, na dawo da abina a ƙirji kamar yadda na tafi da shi, don wanda zan roƙa ba ya nan, wadda zan roƙa ba ta nan.

Kun sha yi mini tsiya, ku da 'ya'yanku, wai Hajiya ba ta ƙailula, Hajiya ƙarfe ce, kowa ya kwanta da rana ita tana zaune a bakin ƙofa tana tsinar shinkafa. Kun sha jin haushina in na hana a tashi jikokina ko da za su makara. Likita ma ya ce in riƙa kwanciya bayan azahar saboda hawan jini. Ba ƙarfi ba ne. Gajiyar da ke jikina ta fi shekarunku. Sau da yawa na gwada, in shimfiɗa tabarma in sa haƙarƙarina a ƙasa, ina rufe ido sai in ji sanyin moɗar nan a tafin hannuna. Sai in tashi zaune.

To ga shi na faɗa. Binta, ki rubuta sunansa da kyau, Haladu, ki rubuta cewa ciwo ne. Ki rubuta sunan Saratu, ki rubuta cewa mai take saye. A karanta wa duk wanda ya rage a dangi, a karanta a gabana, ba sai na mutu ba. Kaɗan ya roƙe ni, kaɗan kawai, na ce in ya dawo. Ni kuma ranar da kuka shigo kuka tarar na kwanta da rana, idona a rufe, kada wanda ya kama mini yatsa. Ku aika a kira liman.